Darasi: Farfaɗo da Birkin Baya na Tsohon Babur Bayan Ya Yi Tsatsa

Idan babur ya daɗe a jingine a zaure ko a bayan ɗaki, ya sha damina ɗaya ko biyu ba a hau shi ba, ranar da aka tashi farfaɗo da shi hankalin kowa kan inji yake tafiya. A sauya fulogi, a wanke kafireta, a zuba sabon baƙin mai, a yi ta buga kik har ya tashi, sai a ce aiki ya yi kyau. Birkin baya kuwa gwajinsa ba ya wuce taki ɗaya ko biyu a ƙofar gida. In ya yi ƙara, a ce tsatsa ce, za ta goge da kanta. In ya yi nisa kafin ya kama, a murɗa notin da ke ƙarshen sandar birki har ya matso, a hau titi. Wannan darasi yana ja da wannan al'ada. Abin da yake son tabbatarwa shi ne, birkin da ya yi tsatsa buɗe shi ake yi a duba, domin tsatsa wuri uku take kamawa a cikinsa, kowane wuri da hukuncinsa: wani gogewa yake so, wani kwancewa da shafa giris, wani kuma zubarwa. Daga waje babu mai iya sanin wanne ne a cikin ukun, kuma murɗa noti ba ya warkar da ko ɗaya.

Sai mun san yadda abin yake aiki za mu gane dalili. A tsakiyar wilin baya akwai hob, wato curin alminiyam ɗin da wayoyin taya suke kamawa. Gefe ɗaya na hob ɗin rarake yake kamar kwano, an kuma dasa masa zoben baƙin ƙarfe na zubi a ciki. Wannan kwano shi ne duram, yana juyawa tare da taya. Bakinsa an rufe shi da wani faifai wanda ba ya juyawa, kuma a jikin faifan ne aka ɗora shu guda biyu masu siffar jinjirin wata, kowanne an manna masa fatar birki a bayansa. Ƙarshensu ɗaya yana jingine da wata turaka da ba ta motsi, ɗaya ƙarshen kuma yana dafe da kam, wani ɗan ƙarfe mai shafaffun ɓangarori biyu wanda wuyansa ya ratsa faifan ya fito waje. Idan mahayi ya taka birki, sanda ta ja hannun birki, hannun ya murɗa kam, kam ya buɗa shu ɗin biyu su danni cikin duram. Idan ya ɗaga ƙafa, sifirin biyu su jawo shu ɗin su koma mazauninsu. Tsarin tsoho ne, tun shekarar 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da irinsa a mota, kuma har yau shi ne a bayan Honda CG125 da aka fara ƙerawa a 1975, da Bajaj Boxer, da Jincheng, da mafi yawan baburan da ke kai buhun masara kasuwa a ƙasar Hausa. Abin lura a nan shi ne birkin yana da aiki biyu, kamawa da saki. Ƙarfin ƙafar mutum ne ke sa shi kamawa, amma sakin ya dogara ne kacokan kan ƙananan sifirin biyu. Ƙafa tana iya rinjayar tsatsa. Sifirin ba ya iyawa.

Akwai kuma batun zafi. Birki ba ya ɓatar da gudun babur haka kawai, mayar da shi zafi yake yi ta hanyar gogayya. A ɗauka babur da mahayi da fasinja da kaya sun kai kilo 250, suna gudun kilomita 60 a awa. Zafin da tsayawa ɗaya tak za ta haifar ya isa ya ɗaga zafin ƙarfe mai nauyin kilo ɗaya da kimanin digiri 75. Kuma lissafin ba ya tafiya kai da kai da gudu: wanda ke gudun 60 yana ɗauke da ninki huɗu na abin da mai gudun 30 yake ɗauke da shi. Wannan ne ya sa birkin da ya kama lafiya a ƙofar gida bai ba da shaidar komai ba game da abin da zai yi a gangara da lodi.

Wuri na farko da tsatsa ke kamawa shi ne fuskar duram, inda fata ke gogawa. Ƙarfen nan tsirara yake, ba fenti ba mai, don haka raɓar dare ɗaya ta isa ta sa masa ja-ja. A nan dole a ba masu cewa tsatsa za ta goge da kanta gaskiyarsu. Babur ɗin da ake hawa kullum, ya kwana a jiƙe bayan ruwan sama ko bayan an wanke shi, da safe birkinsa yakan yi ƙara ko ya cafke da sauri a takin farko, bayan taki uku ko huɗu ya koma daidai. Wannan fatar tsatsa ce mara kauri, kuma lallai shu yana share ta. Amma babur ɗin da ya yi wata takwas a tsaye labarinsa daban ne. Ruwan da ya shiga ya taru a ƙasan duram ya zauna, ƙurar hunturu ta haɗu da garin birki suka riƙe danshi kamar soso, tsatsar ta ci ƙarfe ta yi ramuka da ɓawo. Irin wannan idan aka bar wa shu ya share, ɓawon yana nutsewa a cikin fatar, ya mayar da ita kamar samfefa, ta dinga zana layuka a jikin duram ɗin da ake son ceto. Duk da haka, a cikin wuraren uku wannan ne mafi sauƙi, kuma abin takaici shi ne wanda ya fi jan ido, har ya sa a manta da sauran.

Wuri na biyu shi ne wuyan kam, kuma a nan ya kamata ɗalibi ya tsaya ya natsu. Wuyan ƙarfe ne, ramin da yake juyawa a ciki alminiyam ne, tsakaninsu kuma ɗan sarari ne da bai fi ya ɗauki shafin giris ba. Bakin ramin yana waje, ƙasa-ƙasa, daidai inda taɓo da ruwan kwata ke fantsama, kuma ɗan zoben da aka sa don ya tare datti yakan mutu da tsufa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan giris ya bushe ruwa ya shiga, abu biyu ne ke faruwa a lokaci guda. Ƙarfen ya yi jar tsatsa, wadda girmanta ya ninka na ƙarfen da ta ci sau da dama. Alminiyam ɗin kuma, saboda yana manne da wani ƙarfe na daban a cikin danshi, ya fi saurin ciwuwa, ya fitar da farin gari. Su biyun suka cike ɗan sararin, wuyan ya cije. Mahayi ba zai ji komai a ƙafarsa ba, domin nauyin jikinsa da tsawon matakin birki sun fi ƙarfin cijewar. Zai taka, birki ya kama, ya ce lafiya lau. Amma da ya ɗaga ƙafa sai kam ya tsaya a rabin hanya, shu ya ci gaba da shafar duram. Daga nan babur ya yi nauyi, ya sha mai fiye da ƙima, hob ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, fatar ta ƙone ta yi santsi kamar gilashi, ranar da ake bukatarta ta ƙi kamawa. Wani lokacin kuma taka birki da ƙarfi yana tura kam inda ba zai dawo ba, taya ta kulle a tsakiyar titi. Tafiya ba ta gyara wannan, domin ba inda ake gogayya ba ne, kuma murɗa noti ƙara masa tsanani yake yi.

Wuri na uku ba a ganinsa ko da an buɗe, sai an neme shi. Fatar birki a yawancin baburan nan manna ta aka yi da wani gam na musamman a kan shu na alminiyam. Idan danshi ya daɗe, farin garin nan yakan fara daga gefe ya dinga kutsawa ƙarƙashin fatar yana ɗaga ta. Fatar tana iya kasancewa da kaurinta cif, kamar ba a taɓa amfani da ita ba, alhali abin da ke riƙe da ita bai fi rabi ba. Ranar da ta ɓalle, ko dai birki ya tafi fanko gaba ɗaya, ko ɓallin ya zagaya ya cushe tsakanin ɗaya shu ɗin da duram ya kulle taya ba tare da kowa ya taka komai ba. Wannan shi ne dalili mafi ƙarfi da ya sa ba a yarda da birkin babur ɗin da ya daɗe a ajiye, kome kyan kamawarsa.

Buɗewar ba ta da wuya. A kafe babur a babban jak yadda tayar baya za ta bar ƙasa. A kwance notin sandar birki, a kwance ƙarfen da ke riƙe faifai da jikin babur idan samfurin mai shi ne, a cire ɗan fin ɗin da ke tsare notin shaf, wato ƙarfen da ya ratsa tsakiyar wili, a kwance notin, a zare shaf. In ya ƙi fita, a mayar da noti daidai bakin zaren, a ɗora katako a buga, kada a sa guduma kai tsaye a lalata zare. A jera washa da kwalayen da ke kan shaf a kan tsumma bisa yadda suka fito, ko a ɗauki hotonsu da waya, domin mantuwa a nan ita ce ke sa taya ta zauna a karkace. Idan faifai ya ƙi rabuwa da hob, galibi wani tudu ne da ya fito a bakin duram yake riƙe da shu. A mayar da hannun birki baya iyakarsa, a dinga juya faifan ana ɗan bubbuga shi da katako har ya saki. Sa sukundireba a ɓanɓare yakan fasa gefen alminiyam.

Da zarar faifan ya fito za a ga baƙin gari, kuma abin da hannu da baki suka saba yi shi ne a hure shi. Kada a hure, kada a sa iskar famfo. An daɗe ana haɗa fatar birki da asbestos, ma'adinin nan mai zare-zare da aka sani a tsohon silin da rufin ɗaki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane irinsa yana jawo sankara. Zarensa yana maƙalewa a huhu, ciwon kuma sai bayan shekara ashirin ko fiye yake bayyana. Ba a iya gane fatar da ke da shi da ido, sabuwa ce ko tsohuwa, don haka a ɗauki duk garin birki a matsayin mai shi. A yi aikin a fili, a rufe hanci da baki, a jiƙa garin da ruwan sabulu a share da tsumma, a ƙulle tsumman a leda a zubar. Yaran da ke koyon aiki a gareji su ne suka fi kusa da wannan ƙura, su ne kuma ke da shekarun da ciwon yake bukata don ya nuna. Hakki ne a kan maigidansu ya hana su hurawa.

Bayan an share, a ɗauki samfefa mai matsakaicin kaushi, kamar lamba 120, a goge fuskar duram ana zagayawa daidai wa daida, ba a tsayawa wuri ɗaya a haƙa rami. A goge tudun bakin shi ma. Ba ƙyalli ake nema ba, ƙarfe mai launin toka ake nema, wanda yatsa zai bi bai ji ɓawo ba. Ƙananan ramuka jefi-jefi ba su hana aiki. Layin da farce ke maƙalewa a ciki, ko tsagewa kome ƙanƙantarta, ko alamar zoben ƙarfen ya fara rabuwa da alminiyam, waɗannan sun wuce samfefa. Daga ƙarshe a goge da sifirit a tsumma mai tsabta. Kananzir da gas suna barin maiƙo, ba su da wuri a fuskar duram.

Sai awo, wanda shi ne zuciyar aikin. A ƙananan babura da yawa faɗin cikin duram milimita 110 ne yana sabo, iyakarsa 111. A wasu 130 ne, iyaka 131. Sau da yawa adadin yana rubuce a jikin hob ɗin kansa. Fatar birki kuma takan zo da kaurin milimita 4 ko kusa da haka, idan ta sauko 2 ta gama aiki. Wani zai ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma bakaniken da ya shekara ashirin yana wannan aiki ba ya bukatar ma'auni. Ƙwarewa gaskiya ce, kuma a kan fata ido da ɗan rula sun wadatar. Amma a duram, tsakanin sabo da wanda ya mutu milimita ɗaya ne a faɗi, wato rabin milimita a kowane gefe, kuma wannan ya fi ƙarfin kimar ido. Ana bukatar ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da ake kira baniya, a auna a wuri biyu ko uku da suka gitta juna, domin duram yakan koma kamar ƙwai, abin da ke sa mataki ya dinga harbin ƙafa idan an taka. Wanda ba shi da ma'aunin ya ɗauki wilin ya kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe, irin waɗanda ke Panteka a Kaduna da makamantansu a kowane babban gari. Awon ba ya cin minti biyu, kuma in akwai sauran nama a ƙarfen za su iya sassabe shi kaɗan ya koma da'ira, muddin bai haura iyaka ba.

Me ya sa rabin milimita ya zama abin magana? Saboda kam yana da iyakar buɗawa. Duk yadda duram ya ƙara faɗi ko fata ta ƙara sirancewa, sai kam ya ƙara juyawa kafin shu ya taɓa. Idan ya juya har ya kusa tsayawa a kan tsininsa, sifirin ba su da ta yadda za su mayar da shi, sai ya maƙale a buɗe, ko ya zarce ya kife. Don haka ne masu ƙera baburan da yawa suka sa ɗan kibiya a hannun birki da alama a jikin faifai: in ka taka kibiyar ta kai alamar, an zo ƙarshe. Dabaru biyu da suka yaɗu a bakin titi suna rufe wannan gargaɗi ne kawai. Ɗaya ita ce a cire hannun birki a matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu baya don noti ya sami sabon zare. Ɗayar ita ce a yanko gwangwani a naɗa a bakin shu inda kam ke dafawa. Ta farko tana ƙara tura kam zuwa inda yake maƙalewa. Ta biyu tana sa a ci fata har ƙarfe ya fito ya cinye duram, ban da cewa gwangwanin yana iya zamewa ya faɗa ciki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: don a tsira da kuɗin shu, an jawo sayen hob da ɗinkin wayoyi.

Hukuncin shu a babur ɗin da ya daɗe a ajiye, a ganina, zubarwa ne, sai in an sami dalili mai ƙarfi na barinsa. Ana cire su ne ta hanyar naɗe su sama kamar rufe littafi, su fito tare da sifirin. A bi gefen fatar da bakin wuƙa a hankali, in ta shiga ko kaɗan, ko aka ga farin gari a layin gam, magana ta ƙare. In fatar ta sha mai ko giris, ita ma ta ƙare. Wanke ta da fetur ko babbaka ta a wuta yana busar da sama ne kawai, man da ke ciki yana sake tsattsafowa da zarar ta ɗauki zafi, wutar kuma tana kashe gam ɗin da ke riƙe da ita. Mayar da fatar da ta ɓalle da gam ɗin kanti bai kamata ya zo a tunani ba. A sauya su biyun tare, da sifirin ɗinsu, domin sifirin da tsatsa ta ci yana karyewa ba sallama. Ƙorafin da ke da nauyi a nan shi ne na jabu: mutum ya ce tsohon shu na asali da ya zo da babur ya fi sabon da zai samu a kasuwa. Sau da yawa haka ne ta fuskar ingancin fata, kuma in tsohon ya ci duk gwajin da aka ambata, ana iya goge fuskarsa da jiƙaƙƙiyar samfefa a mayar. Amma ingancin fata ba ya amfanar kowa idan gam ya saki. Maganin jabu shi ne a tafi kasuwa da tsohon a hannu, a kara su a ga tsawo da faɗi da lanƙwasa sun zo ɗaya, a duba layin gam bai da giɓi, a saya wurin wanda zai karɓa in bai yi ba.

Yanzu a koma kan kam. Kafin a cire hannun birki a duba ko akwai ɗigon alama a kan wuyan da kan hannun, in babu a yi da ƙusa, don a mayar yadda masu ƙira suka nufa. A turo kam ta ciki. In ya cije, a ɗiga masa kananzir ta ɓangarorin biyu a bar shi ya kwana, tunda shu ba ya wurin. In har yanzu ya ƙi, a kwarara tafasasshen ruwa a kan faifan. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, sai ramin ya ɗan saki. Haƙuri ya fi guduma a nan, domin faifan fashewa yake yi, ba ya lanƙwasa. Idan ya fito, a goge wuyan da samfefa mai laushi, a naɗa wata a jikin kara a share ramin, a wanke, a busar. A mayar da shi ba giris a girgiza: in yana rawa sosai ramin ya cinye, faifan yana son sauyi. In ya zauna daidai, a shafa giris mai jure zafi a wuyan, da fuskokin kam, da turakar da shu ke jingina, shafi ɗan kaɗan wanda bai fi ya sa ƙarfe ya yi sheƙi ba. Giris mai yawa yana narkewa ya gangara kan fata, a koma gidan jiya. Gwajin wannan mataki ɗaya ne: bayan an ɗora shu da sifirin, a ja hannun birki da yatsa a saki. Dole ya koma da kansa da ƙara, kowane lokaci.

Tun wili yana ƙasa a sa yatsa a juya boris ɗin da ke cikin hob, in yana gurnani ko rawa a sauya shi, domin boris mai rawa yana sa duram ya zauna a karkace kan shu. Wanda yake son tabbaci ya shafa alli a kan fatar, ya sa faifan a duram, ya juya yana ɗan jan hannun birki, ya buɗe ya duba. Inda allin ya goge nan ne ake taɓawa, kuma ana son ya goge a mafi yawan fatar. Wajen mayarwa, kafin a ɗaure notin shaf a juya taya a taka birki da ƙarfi, a riƙe shi a haka a ɗaure, don faifan ya zauna a tsakiyar duram. A daidaita sarƙa kafin a daidaita birki, domin duk lokacin da taya ta matsa baya tsawon sanda ya sauya. Ƙarfen da ke riƙe faifai a ɗaure shi sosai a sa masa sabon fin, haka ma notin shaf. In wannan ƙarfe ya kwance, faifan zai bi taya ya juya, ya naɗe sanda, ya taka wa kansa birki. Sai yanzu notin sandar birki ya sami aikinsa na gaskiya: a murɗa shi har mataki ya zama yana sauka milimita 20 zuwa 30 kafin ya fara kamawa, taya kuma tana juyawa sakayau idan an saki. A duba fitilar birki tana kamawa kafin tayar ta kama.

Saura ƙorafi ɗaya, daga waɗanda suka san tuƙi. Sukan ce birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, kimanin kashi 70 cikin 100 a kan kwalta, saboda nauyi yana komawa gaba idan an ja birki, to me ya sa za a ɓata yini guda a kan na baya? Lissafinsu daidai ne ga mutum ɗaya a kan busasshiyar kwalta. Babur a ƙasar nan kuwa ba kasafai yake tafiya haka ba. Fasinja biyu ko buhun hatsi a kan kariya suna mayar da nauyi kan tayar baya, rabonta na aikin ya ƙaru. A yashi, da burji, da taɓon damina, cafke birkin gaba yana zame taya a faɗi nan take, na baya ne ake lallaɓawa da shi. Ga kuma gaskiyar da kowa ya sani, mahaya da yawa sun tashi da tsoron birkin gaba, ƙafa kawai suke takawa. Wannan kuskure ne da ya kamata a gyara, amma kafin a gyara shi rayukansu suna kan na baya. Sannan ƙorafin ya duba rashin kamawa ne kawai. Birkin baya da ya kulle da kansa yana kayar da ƙwararre kamar yadda yake kayar da ɗan koyo, kome lafiyar birkinsa na gaba.

Gwajin ƙarshe a fili ake yinsa, inda ba mutane ba ababen hawa. A fara da tafiyar da ba ta fi saurin ƙafa ba, a taka a saki. Sannan a yi tsayawa goma ko fiye daga gudun kilomita 30, a hankali, ana barin tazara tsakaninsu don ƙarfe ya huce. Sabuwar fata ba ta kai cikakken ƙarfinta sai ta ɗauki siffar duram, don haka a kwanakin farko a bar tazara mai yawa, kuma a sake duba noti bayan mako guda. Daga nan a yi tafiyar kilomita ɗaya ko biyu ba a taɓa birkin baya ba, a tsaya da na gaba, a kai bayan hannu kusa da hob. In da ɗumi sosai, wani abu yana gogawa, a koma a buɗe.

Aikin da za a kawo aji mai zuwa shi ne wannan. Kowane ɗalibi ya sami babur ɗaya, nasa ko na maƙwabci da izininsa, ya kafe shi a jak, ya auna da rula milimita nawa mataki ke sauka kafin ya kama. Ya cire sandar birki, ya ja hannun da yatsa ya saki, ya rubuta ko ya koma da kansa ko sai da aka tura shi. Ya duba ko akwai kibiya da alama a jikin faifai, da inda kibiyar ke tsayawa idan an taka, ya kuma ƙirga zare nawa ya rage a bayan notin sanda. Ya mayar da komai yadda ya same shi, ya gaya wa mai babur abin da ya gani.